HAƘƘI DA WAJIBI A TSARIN MULKIN INDIYA: WANNE YA RIGA WANI ZUWA?

 Da kwamitin wannan mujalla tamu ya nemi in cike shafin tarihi na bana, sai na ga ya dace in ɗauke mu zuwa ƙasar Indiya. Yawancinmu ta hanya biyu muka san wannan ƙasa, wato ta hannun malaman lissafi da kimiyya da suka cika makarantun Arewa a shekarun 1970 da 1980, sai kuma ta fina-finan da muke satar jiki mu je kallo a silima. To, akwai abu na uku da ya cancanci mu san ta da shi, shi ne tsarin mulkinta.

Abin da ya ja hankalina shi ne wannan. Haƙƙoƙin ɗan ƙasa sun shiga tsarin mulkin Indiya tun ranar da ya fara aiki a 1950. Amma wajiban da ke kan ɗan ƙasa ba su shiga ba sai a 1976, bayan shekara 26, kuma sun shiga ne daidai lokacin da gwamnati ta kulle haƙƙoƙin nan ta sa makullin a aljihu. Yadda haka ta faru, da abin da ya biyo baya, shi ne abin da nake so mu duba tare.

Mafarin maganar

Mutanen Indiya sun koyi darajar haƙƙi ne ta hanyar rashinsa. A 1919 Turawan mulkin mallaka suka kafa dokar Rowlatt, wadda ta ba hukuma ikon tsare mutum ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Jama'a suka yi ta zanga-zanga. Ran 13 ga Afrilu na wannan shekara sojoji suka buɗe wuta a kan taron mutane a wani fili mai suna Jallianwala Bagh a birnin Amritsar. Hukuma ta ce mutum 379 suka mutu, 'yan ƙasa kuwa suka ce adadin ya zarce haka nesa. Daga nan masu neman 'yanci suka ƙudurta cewa duk ranar da mulki ya dawo hannunsu, sai an rubuta haƙƙin mutum baƙi da fari, yadda babu mai iko da zai ce bai gani ba. Kwamitin Motilal Nehru ya jera irin waɗannan haƙƙoƙi a rahotonsa na 1928, jam'iyyar Kongires kuma ta sake tabbatar da su a taronta na Karachi a 1931.

Majalisar tsara tsarin mulki ta fara zama ran 9 ga Disamba 1946, daga baya ta zaɓi Dokta Rajendra Prasad ya shugabance ta. Tana cikin aiki aka raba ƙasar gida biyu a Agustan 1947, Indiya da Pakistan, aka yi kashe-kashen da suka ci rayukan dubban ɗaruruwan mutane, miliyoyi suka bar gidajensu. A cikin wannan hayaƙi ne wakilan suka zauna suna muhawara a kan 'yancin addini da haƙƙin marasa rinjaye.

Wanda aka ɗora wa shugabancin kwamitin rubuta daftarin shi ne Dokta B. R. Ambedkar. An haife shi a 1891 cikin mutanen da al'adar wurin ta ɗauka ƙasƙantattu tun daga haihuwa, waɗanda ko taɓa su ba a yi, a yau ana kiransu Dalit. Yana yaro a makaranta ba a yarda ya taɓa randar ruwan sha ba, sai dai wani ya tsiyayo masa daga sama. Duk da haka ya yi karatu har Jami'ar Kolambiya a Amurka da kuma Landan. A 1927 ya jagoranci mutanensa zuwa wani tafki a garin Mahad don su sha ruwan da aka hana su. Irin mutumin da ya riƙe alƙalamin ke nan. Majalisar ta amince da tsarin ran 26 ga Nuwamba 1949, ya fara aiki ran 26 ga Janairu 1950, yana da sassa 395.

Haƙƙoƙin da aka rubuta

Haƙƙoƙin suna cikin Kashi na Uku, daga sashe na 12 zuwa na 35, kuma da farko rukuni bakwai ne. Na ɗaya daidaito: kowa ɗaya ne a gaban doka, ba a nuna wa ɗan ƙasa bambanci don addininsa ko asalinsa ko jinsinsa ko wurin haihuwarsa. A nan ne sashe na 17 ya soke al'adar ƙyamar taɓa wasu mutane, ya mai da ita laifi. Na biyu 'yanci: faɗin albarkacin baki, taro cikin lumana, kafa ƙungiya, zirga-zirga, zama a ko'ina cikin ƙasa, da yin sana'ar da mutum ya ga dama. A cikin wannan rukuni ne sashe na 21 ya kare rai da walwalar mutum, sashe na 22 kuma ya ce duk wanda aka kama a kai shi gaban majistare cikin awa 24. Na uku kariya daga bautarwa: an hana fataucin mutane da aikin tilas, an hana sa yaron da bai kai shekara 14 ba aiki a masana'anta ko ramin haƙar ma'adinai. Na huɗu 'yancin addini. Na biyar haƙƙin marasa rinjaye su kiyaye harshensu da al'adunsu, su kuma kafa makarantunsu. Na shida haƙƙin mallakar dukiya.

Na bakwai shi ne sashe na 32, wanda ya ba duk wanda aka taka wa haƙƙi ikon tafiya kai tsaye Kotun Ƙoli. Ambedkar ya shaida wa majalisar cewa wannan sashe shi ne zuciya da ruhin tsarin baki ɗaya, in babu shi sauran duk banza ne. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Bayan haƙƙoƙin sai Kashi na Huɗu, wanda aka aro salonsa daga tsarin mulkin Ailan na 1937. Shi kuwa manufofi ne da aka ɗora wa gwamnati, kamar samar da aikin yi, da albashin da zai riƙe mutum, da ilmi kyauta ga yara har shekara 14, wanda sashe na 45 ya ce a yi ƙoƙarin cim masa cikin shekara goma. Amma sashe na 37 ya faɗa ƙarara cewa ba a kai gwamnati ƙara a kan waɗannan manufofi.

To ina wajiban talaka? Babu babinsu, alhali kuwa maganar ba baƙuwa ba ce a Indiya. Mahatma Gandi, wanda aka kashe ran 30 ga Janairu 1948, ya rubuta wa shugaban hukumar UNESCO a 1947 cewa daga mahaifiyarsa, wadda ba ta yi karatu ba, ya koyi cewa haƙƙi yana fitowa ne daga wajibin da aka sauke. Duk da haka majalisar ba ta yi wa wajibai babi ba. A ganina dalilin a fili yake. Mutanen da suka yi shekara da shekaru Bature yana karanta musu wajibin biyayya, abin da suke bukata shi ne takunkumin da za a sa wa hukuma. Wajibin da suka rubuta a 1950 a wuyan gwamnati suka rataya shi.

Ja-in-ja tsakanin gwamnati da kotu

Ba a je ko'ina ba aka fara karo. Gwamnatin Jawaharlal Nehru tana so ta karɓe manyan gonaki daga hannun masu ƙasa ta raba wa manoma, su kuma masu ƙasa suka ruga kotu da haƙƙin mallakar dukiya. Saboda haka tun a 1951 aka yi wa tsarin gyara na farko, aka keɓe wasu dokokin filaye aka ce kotu ba ta da ikon soke su. Tambaya ta taso: shin majalisa tana iya rage haƙƙoƙin nan duk lokacin da ta sami rinjaye? A shari'ar Golaknath ta 1967 Kotun Ƙoli ta ce a'a. Gwamnatin Indira Gandi, 'yar Nehru, ta mai da martani da gyara na 24 a 1971, wanda ya ce majalisa tana iya gyara kowane sashe.

Aka sake komawa kotu a shari'ar Kesavananda Bharati, shugaban wani gidan ibada na Hindu a jihar Kerala wanda dokar filaye ta shafi gonakin gidan. Alƙalai 13 suka zauna, ran 24 ga Afrilu 1973 suka yanke hukunci da rinjayen 7 da 6. Suka ce majalisa tana iya gyara tsarin mulki, amma ba ta da ikon rusa ginshiƙansa. Mai gida yana iya sake rufi da fenti, ba ya tone harsashi ya ce gyara yake yi. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta tsallake manyan alƙalai uku da ke cikin masu rinjayen, ta naɗa Mai Shari'a A. N. Ray, wanda ya goyi bayanta, ya zama Alƙalin Alƙalai. Su ukun suka ajiye aiki.

Wata 21 na dokar ta-ɓaci

Ran 12 ga Yuni 1975 Babbar Kotun Allahabad ta soke zaɓen Indira Gandi na kujerar majalisa, bisa ƙarar abokin takararta Raj Narain. 'Yan hamayya suka ce ta sauka. Maimakon haka, a daren 25 ga Yuni Shugaban Ƙasa Fakhruddin Ali Ahmed ya sa hannu a kan dokar ta-ɓaci bisa shawararta. A daren aka yanke wa gidajen jaridu na Delhi wutar lantarki, aka bi shugabannin hamayya irin su Jayaprakash Narayan da Morarji Desai aka kama. Kafin a ɗage dokar an tsare mutum fiye da 100,000 ba tare da shari'a ba. An rushe unguwannin talakawa, kamar ta Ƙofar Turkman a Delhi a Afrilun 1976. An yi wa miliyoyin mutane tiyatar hana haihuwa, da yawansu bisa matsi ko tilas.

Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Iyalan waɗanda aka tsare suka je manyan kotunan jihohi suna neman a fito da mutanensu a faɗi laifinsu, kotuna da dama kuma suka ce za su saurare su. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ƙoli, a shari'ar da aka fi sani da sunan Jabalpur. Mai Shari'a H. R. Khanna ya tambayi Babban Lauyan Gwamnati ko hujjarsa tana nufin cewa in ɗan sanda ya kashe mutum a wannan lokaci babu kotun da za a kai kuka. Lauyan ya amsa cewa haka hujjar take nufi. Ran 28 ga Afrilu 1976 alƙalai huɗu cikin biyar suka ba gwamnati gaskiya. Khanna kaɗai ya ƙi, ya ce rai da walwalar mutum ba kyautar tsarin mulki ba ne balle a janye su da sa hannu. Ya san abin da zai biyo baya. A Janairun 1977, da layi ya zo kansa na zama Alƙalin Alƙalai, aka tsallake shi, ya ajiye aiki.

Haƙƙoƙin suna nan a rubuce duk tsawon wannan lokaci, babu wanda ya goge su. Ƙofar kotu kawai aka rufe, sai suka zama kamar rijiyar da babu guga.

Shigowar wajibai

A cikin wannan hali ne jam'iyya mai mulki ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Sardar Swaran Singh a 1976 don duba tsarin mulki. Kwamitin ya ba da shawarar a sa wajiban ɗan ƙasa, irin yadda suke a tsarin Tarayyar Sobiyet, har ya so a ba majalisa ikon hukunta wanda ya ƙi sauke su. A ƙarshen shekarar aka zartar da gyara na 42, alhali manyan 'yan hamayya suna kurkuku. Gyaran ya ƙara wa majalisa wa'adi daga shekara biyar zuwa shida, ya yi yunƙurin hana kotu duba duk wani gyaran tsarin mulki, sannan ya kawo sashe na 51A mai ɗauke da wajibai goma.

Ga su a taƙaice: bin tsarin mulki da girmama tuta da taken ƙasa, riƙo da aƙidun da aka yi gwagwarmayar 'yanci a kansu, kare haɗin kan ƙasa da ikonta, tsaron ƙasa in an kira mutum, yaɗa zumunci tsakanin masu addinai da harsuna daban-daban tare da barin al'adun da ke zubar da mutuncin mata, kiyaye al'adun gado, kare dazuzzuka da tafkuna da koguna da namun daji da tausaya wa halittu, raya tunani irin na kimiyya da son bincike, kare dukiyar jama'a da guje wa tarzoma, da neman ƙwarewa a kowane aiki. Ba a haɗa su da hukunci ba.

Wanda duk ya karanta wannan jeri zai ga babu na yarwa. Kusan duk abin da ake gaya mana ne a taron safe a makaranta. Aibin yana ga bakin da ya faɗa da lokacin da ya faɗa. Gwamnatin da ta tsare mutane ba shari'a ita ce take karanta musu wajibin bin tsarin mulki. Wadda ta rushe gidaje da katafila ita ce take cewa a guji tarzoma.

Abin da jama'a suka yi da su

A watan Maris na 1977 aka yi zaɓe. Talakawan Indiya, waɗanda da yawansu ba su iya karatu ba, suka kayar da jam'iyyar Kongires, ita kanta Indira Gandi ta rasa kujerarta ga Raj Narain. Morarji Desai ya fito daga tsare ya zama Firayim Minista. Sabuwar majalisa ta yi gyara na 44 a 1978. Ta ce daga yau ko a cikin dokar ta-ɓaci ba a hana mutum zuwa kotu a kan sashe na 20 da na 21. Ta ce hargitsin cikin gida kawai bai isa dalilin kafa dokar ba, sai in tawaye ne da makami, kuma sai majalisar ministoci ta ba da shawara a rubuce. Ta cire mallakar dukiya daga jerin manyan haƙƙoƙi, suka koma rukuni shida. Amma wajiban nan goma ba ta taɓa su ba. Ta bar su inda suke, ta sake buɗe ƙofar kotu a gefensu.

Ita ma Kotun Ƙoli ta shiga wanke sunanta. A 1978, a shari'ar Maneka Gandi wadda aka ƙwace wa fasfo, ta ce duk hanyar da za a bi a tauye walwalar mutum dole ta zama mai adalci. A 1979 ta saurari kukan fursunonin jihar Bihar da suka yi shekaru suna jiran shari'a, wasu har fiye da ɗaurin da laifin da ake tuhumarsu yake ɗauka, aka saki dubbai. A 1980, a shari'ar Minerva Mills, ta soke sassan gyara na 42 da suka nemi ɗaure mata hannu.

Shari'ar da na fi so malamanmu su ji ita ce ta 1986. Wasu yara uku 'yan gida ɗaya a jihar Kerala, mabiya ɗariƙar Shaidun Jehobah, sukan miƙe tsaye cikin ladabi in ana taken ƙasa a taron safe, amma ba sa rerawa, don addininsu ya hana. Aka kore su daga makaranta. Kotun Ƙoli ta ce a mai da su. Ta ce wajibin da ke kansu shi ne girmama taken, kuma tsayuwarsu cikin natsuwa girmamawa ce. Babu dokar da ta tilasta rerawa, kuma ba a fakewa da wajibi a ƙwace 'yancin addini. A ɗaya ɓangaren kuma, kotun ta dogara da wajibin kare muhalli a shari'o'in gurɓata kogin Ganga a ƙarshen shekarun 1980, inda ta sa aka rufe majemun birnin Kanpur da suka ƙi tace dattin da suke zubarwa. Wato wajibi ya zama abin da ake kare jama'a da shi.

Wajibi na goma sha ɗaya ya zo a 2002, kuma zuwansa ya bambanta da na sauran. Alkawarin ilmi kyauta cikin shekara goma ya kwana fiye da shekara hamsin ba a cika ba. Gyara na 86 ya ɗauko shi daga cikin manufofin da ba a kai ƙara a kansu, ya mai da shi cikakken haƙƙi a sashe na 21A: ilmi kyauta kuma dole ga kowane yaro daga shekara 6 zuwa 14. A cikin gyaran nan ɗaya aka ɗora wa uba ko mariƙi wajibin ba ɗansa damar yin karatu. Gwamnati ta fara ɗaura wa kanta igiya, sannan ta nemi iyaye su kama. Dokar aiwatarwa ta fito a 2009, ta fara aiki ran 1 ga Afrilu 2010.

Hukuncin Jabalpur kuwa sai a 2017 alƙalai tara na Kotun Ƙoli suka bayyana shi a matsayin kuskure, suka ce Khanna ne mai gaskiya. Cikin waɗanda suka rubuta haka har da Mai Shari'a D. Y. Chandrachud, ɗan ɗaya daga cikin alƙalai huɗun da suka yanke hukuncin a 1976. Shekara 41 ke nan tsakani, Khanna kuwa ya riga ya rasu tun 2008.

Kada a ɗauka komai ya gyaru. Bayan sashe na 17 sai da aka yi doka a 1955, aka sake yin wata mai tsanani a 1989 don hukunta masu zaluntar 'yan Dalit, kuma har yau ana kai irin waɗannan ƙararraki. Kotuna cike suke da shari'o'in da suka daɗe. Ambedkar da kansa ya yi gargaɗi a jawabinsa na 25 ga Nuwamba 1949 cewa komai kyan tsarin mulki, in masu aiki da shi miyagu ne zai lalace.

Inda abin ya shafe mu

Wannan tarihi yana da reshe a gidanmu. Kwamitin da Janar Murtala Muhammed ya kafa a 1975 a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams ya sa babin manufofin ƙasa a daftarinsa, irin na Indiya, ya zama Babi na Biyu a tsarin mulkin 1979. Yana nan a tsarin 1999, inda sashe na 18 ya yi maganar ilmi kyauta, sashe na 24 ya jera wajiban ɗan ƙasa, har da biyan haraji, sashe na 6 kuma ya hana kotu tilasta abin da ke cikin babin. Wato a kan maganar ilmi, matakin da Indiya ta ɗauka a 2002 na shigar da shi cikin manyan haƙƙoƙi, mu tsarinmu bai ɗauka ba, ko da yake akwai dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004.

Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, haƙƙi da wajibi duk ana bukatarsu, amma akwai wanda ya kamata ya fara. In hukuma ta kiyaye haƙƙin mutum ta bar ƙofar kotu a buɗe, tana da bakin neman ya sauke nasa nauyin, shi ma ba shi da hujjar zillewa. In kuwa ta yawaita wa'azin wajibi tana toshe bakin masu kuka, to a yi hattara. A cikinmu yau akwai alƙalai da lauyoyi, da 'yan sanda, da manyan ma'aikata, da shugabannin makarantu. Kowannenmu akwai wanda haƙƙinsa yake hannunsa, ko ɗalibi ne ko fursuna ko mai jiran fansho. Kafin mu tambaye shi wajibinsa, mu duba ko mun ba shi nasa. Ranar da aka kawo mana takarda irin wadda aka kai wa alƙalan nan biyar, Allah ya ba mu ƙarfin zuciyar tsayawa a kan gaskiya ko da mu kaɗai ne.

Sai mun haɗu a taron shekara.